Ranar da Sama'ilu Ya Goya Karensa Zuwa Hoton Ciki

Sama'ilu taubashina ne, uwarsa da ubana nono ɗaya suka sha, don haka duk abin da na faɗa a kansa babu alƙalin da zai saurari ƙararsa. Mafarauci ne a wani ƙauye bayan duwatsun Roni. Shekara ashirin yana shiga daji, kuma a iya sanina babban abin da bindigarsa ta taɓa kayarwa shi ne wani zomo mai ɗingishi. Amma in ka ji shi ranar kasuwar Gwiwa, sai ka rantse shi ya ƙarar da zakunan ƙasar nan.

Abin kirki ɗaya ya mallaka, wani baƙin kare siriri mai suna Ƙyale-su. Karen ke kamu, Sama'ilu ke karɓar kirari. Matarsa Saude takan ce da gobara za ta tashi, Ƙyale-su zai fara fitarwa, sai bindiga, in da sauran lokaci ya leƙo ta. Haihuwarta shida, ko sau ɗaya bai kai ta hoton ciki ba. "Kakanninmu da wane hoto aka haife su?" in ji shi.

To, bara bayan girbi, ana shirin fita babbar farauta, sai Ƙyale-su ya kwanta. Ya ci ya amayar, ya sha ya amayar, har haƙarƙarinsa suka fito kamar haƙoran mataji. Sama'ilu bai yi wata-wata ba ya ce jifa ne, kuma aikin Halliru ne, maƙwabcinsa mafarauci da ya taɓa taya karen aka hana shi.

Magana ta kai gaban Sarkin Baka, shugaban mafarautan yankin. Tsohon ya ce, "Sama'ilu, kana da shaida?"

A nan na tsoma baki, Allah ya yafe mini. Na ce ai akwai likitar dabbobi a Kazaure mai na'urar da ke leƙa cikin saniya ta faɗi ko da ɗa. Don tsokana na faɗa, wallahi. Sai gogan ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, a je a leƙa! In ba hannun Halliru aka gani a cikin nan ba, na ba shi karen har abada."

Halliru ya ce, "In kuwa hannuna ne, na ajiye farauta."

Sarkin Baka ya ce, "Jama'a sun ji."

Direbobin tasha suka ce ko a saman mota ba za su ɗauki kare ba. Sai Sama'ilu ya ciro sabon zanen Saude, ya goya Ƙyale-su kamar jariri, ya hau bayan babur ɗina, Halliru na biye da mu a nasa. Wata tsohuwa a hanya har barka ta yi masa, ta ce yaron ya ɗebo kunnuwan ubansa.

Likitar, sunanta Zaituna, ba ta da lokacin surutu. Ta kwantar da karen rigingine, ta aske masa ciki.

"Likita, a hankali, gashin nan akwai asiri a jikinsa."

"Malam, riƙe masa ƙafa."

Ta shafa wani mai mai yauƙi kamar miyar kuɓewa, ta ɗora kan na'urar tana gogawa. Allon ya kawo hoto baƙi da fari, ni dai ban ga komai ba sai hadari. Sama'ilu kuwa nan take ya hango fuskar Halliru, har da hula.

Likita ta nuna da yatsa. "Wannan tumbinsa ne, ya cika da ruwa. Ga wani abu mai tauri nan ya toshe mafita, kun ga inuwarsa a ƙasa. Ya haɗiyi wani abu kwanan nan?"

"Allura ce ko ƙaho?" in ji Sama'ilu.

"Na'ura ba ta faɗin suna. Girmansa dai bai kai kwalin ashana ba. In ba a buɗe shi yau ba, ba zai kai jibi ba."

Da jin kwalin ashana, sai Sama'ilu, mutumin da tun daga Roni yake zuba kamar kanya, ya koma share gumi.

Aka yi aiki. Bayan la'asar likita ta fito da abin a faranti. Laya ce ta jar fata da ƙwayar wuri ɗaya, irin na kuɗin gargajiya, a ɗinke. Duk wanda ya taɓa shiga daji da Sama'ilu ya san ta, tun yana saurayi take ɗaure a damtsensa. Halliru ya matso ya ɗage wa Sama'ilu hannun riga. Igiya ce kawai, babu laya.

Ashe tsoron kada Halliru ya janye masa kare ne ya sa Sama'ilu ya naɗe layar tsarinsa cikin kitse ya ba karen ya haɗiye.

"To a wuya ai ana iya tsinkewa," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "A ciki fa, wa zai kai hannu?"

Likita ta ce, "Ni."

Ƙyale-su ya warke sarai. Ranar da aka cire zare, Sarkin Baka da kansa ya miƙa wa Halliru igiyarsa. Sama'ilu ya fita babbar farauta shi kaɗai, ya dawo da ƙaya a ƙafa. Saude kuma, da ciki na bakwai ya zo, ta wanke zanen nan ta ajiye masa a gabansa, ta ce ko ya kai ta Kazaure a mota ko ya goya ta. Ya kai ta a mota.

Yanzu in ka bi ta ƙauyen da yamma za ka same shi jingine da katangar Halliru, da ɗan ƙashi a aljihu, yana fito a hankali. Karen yakan ɗago kai, ya kaɗa wutsiya, ya koma ya kwanta a gindin sabon ubangidansa. Layar kuwa ta koma damtse. Ya ce ita ba ta da laifi, wurin ajiyar ne ba a dace ba.