Jan Italiya da Jan Inna Balaraba

Kano

Tun kafin assalatu Gwaggo Asabe ta yaye min bargo, wai jirgi zai tashi ya bar mu. Jirgin nan fa sai da hantsi. Ko da rarrafe muka nufi filin jirgi, da mun isa har mun yi barci.

Ga dalilin tafiyar. Yayata Rukayya za ta yi aure, kuma gidanmu ya zama fagen yaƙi a kan launin anko. Inna Balaraba, ƙanwar Mama, ta kawo wani jan yadi daga Kwari. Gwaggo, yayar Baba, ta dube shi ta ce ko labulen kicin ba za ta yi da shi ba. Amarya ta bi bayan Gwaggo. Da yake Gwaggo za ta je Riyad sarin abaya, aka ce ta samo ja na kirki a can. Ni kuwa aka haɗa ni da ita saboda muna hutu, kuma Baba ya ce kunnuwansa ma suna son hutu.

A zaure Yaya Rukayya ta cusa min ƙyallen yadin Inna a jaka.

"Hanifa, kowane ja ku kawo, ban da wannan. In kika bari aka sayo mai kama da shi, ke za ki wanke tukwanen biki, kuma ba kya cikin hoto ko ɗaya."

Na ce, "Yaya, ni ce zan hana Gwaggo abin da ta yi niyya?"

Ta ce, "Ai baki gare ki. Yau ya yi rana."

Filin Jirgin Sarki Khalid

Mun sauya jirgi a Jidda, muka sauka Riyad bayan isha'i. Wajen bincike wani jami'i ya buɗe jakar Gwaggo, ƙullin daddawa ya gaishe shi. Bawan Allah ya ja baya har ya taka abokin aikinsa. Gwaggo ta yi ta masa bayanin miyar kuka da Hausa, tana ɗaga murya, don a ganinta Hausa in an ɗaga ta Larabci take komawa. Daga ƙarshe ya toshe hanci ya ce, "Yalla, yalla!" muka wuce.

Baffa Sadi, ƙanin Baba, shi ya tarbe mu. Direban wani kamfani ne, ya daɗe a can. Tare da shi akwai 'yarsa Lubna, sa'ata, wadda aka haifa a Riyad. Hausarta kamar shayin da aka yi wa baƙi da yawa, da ƙyar ake jin ɗanɗanonta. Muka ci kabsa, shinkafa da kaza a faranti mai faɗin tabarma, muka kwana a ɗakin Lubna cikin sanyin na'ura. Na tashi da safe ina laluben yatsuna ko sun cika.

Gidan zane-zane

Washegari mota ɗaya ce, kuma malamar Lubna ta ba su aikin zuwa kallon zane-zanen mutanen Italiya a wani gidan nuni. Baffa ya ce mu fara can, sannan kasuwa. Gwaggo ta yi tsaki tun daga ƙofar gida har muka isa.

Ni na ɗauka zan ga hotunan dawakai da kyawawan mata. Ina! Allon farko buhu ne, buhu na gaske, an ƙona shi an ɗinke an shafa masa baƙi da ja. Na biyu shuɗi ne zalla, an tsaga shi da wuƙa.

Gwaggo ta ce, "Lubna, waye ya yi musu wannan ɓarnar? An kama shi?"

Lubna ta ce, "La, Gwaggo, mai zanen ne ya yanka. Bayan yaƙin duniya na biyu garuruwansu sun rushe. Sai suka ce halas, sun gaji da zana fuskar manya. Launi kawai za su zana, su ga me zai yi shi kaɗai."

"To me ya yi?"

"Ki tsaya ki kalla."

"Na tsaya. Ƙafata ce kawai ke ciwo."

Na ce da na sani na taho da allon yankan albasar Mama, da yanzu mun yi suna. Mai gadi ya harare ni don dariyata ta cika ɗakin.

A ɗaki na uku Gwaggo ta tsaya cak. Wani babban allo ne an raba shi biyu. Hagu kore ne mai sirkin shuɗi, da ɗan murabba'in ja a tsakiya. Dama ruwan goro ne, shi ma da nasa jan. Jan hagu kamar garwashi, har yana neman fitowa daga bango. Na dama kuwa ya yi lis, kamar miyar jiya.

Gwaggo ta dafa ƙirji. "Hanifa, ga ankonmu! Wannan na hagun. Na daman kuwa jan Balaraba ne sak, ji shi kamar mara lafiya."

Lubna ta karanta bayanin da ke gefe ta ce, "Gwaggo, ja ɗaya ne. Gwangwani ɗaya. Maƙwabcinsa ne ya canza shi."

"Ke, tun kafin a haifi ubanki nake sayar da yadi. Ɗauki hoton na hagu, Hanifa."

Na ɗauka.

Kasuwar Dira

Baffa ya sauke mu kusa da ganuwar Masmak ya koma aiki. Daga nan azaba ta fara. Hoton da ke wayata a inuwa ja ne, a rana ruwan goro, a ƙarƙashin fitilar shago kuma ya koma kalar zoɓo. Kowane shago Gwaggo ta sa a sauke ja kaf, ta kara da waya, ta ce, "Ba shi ba ne." Wani Bayamane ya sauke mana yadi har ya ɓace a bayan tulin, muryarsa kawai muke ji. Takalmina ya siɗe, na tabbata na rage tsawo.

Can cikin lungu muka ji an ce, "Hajiya, sannunku da rana. Ku taho nan ku sha ruwa." Wani Bamaraɗe ne, Malam Isufu, yana tsaron shagon wani Balarabe. Gwaggo ta zauna tana ba shi labarin Italiya kamar can aka yanke mata cibiya. Tana cikin magana idonta ya faɗa kan wani jan yadi da aka jingine jikin koren labule.

"Shi ne! Wallahi shi ne!"

Lallai yana ci kamar wuta. Aka yi ciniki, Gwaggo tana cewa "Kam?", wato nawa da Larabci, tana ƙara "Haba ɗan'uwa," har Malam Isufu ya ce, "Hajiya, in na ƙara ragi, kafili, maigidan nawa, zai maishe ni Maraɗi da ƙafa." Almakashi ya shiga, aka yanka na mata arba'in.

Ana naɗewa a kan farin tebur sai na ga jan ya fara yin sanyi. Na zaro ƙyallen Yaya a ɓoye na ɗora a kai. Jama'a, ƙyallen ya ɓace. Sai da na shafa da yatsa na gane inda yake. Na hango kaina a bayan gida da tukwane sun fi ni tsawo, ana ta hoto ba ni.

Na ja Lubna gefe. "Na shiga uku. Jan Inna ne."

Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta nuna labulen. "Ki sayi maƙwabcin."

Na koma na marairaice. "Gwaggo, ai 'yan Italiya ba sa sa jan nan sai da kore. In muka bar koren, za a ce rabin abin muka gano."

Ta dube ni, ta dubi labulen. "Yau kin yi magana mai ma'ana. Isufu, akwai irinsa na mayafi?"

Akwai. Ni na ɗauko shi a ka har bakin titi.

Gida

Mun sauka Kano da azahar, muka tarar da falo cike da mata. Kafin Gwaggo ta kwance ɗauri na yi wuf na shimfiɗa koren a kan kujera, sannan na ɗora jan a tsakiya. Aka ɗauki guɗa. Yaya Rukayya ta rungume yadin ta ce, "Kun gani? Wannan shi ne ja!"

Inna Balaraba ta sa tabarau, ta murza bakin yadin, ta shinshina shi.

"Yaya Asabe, wannan ai nawa ne."

"Naki ɗan Kwari ne, Balaraba. Wannan sai da muka je gidan zanen Italiya muka gano shi."

"Hanifa, ina ƙyallen da na ba amarya? An ce yana wurinki."

Yaya ta zuba min ido. Na ce, "Inna, jami'in da ya kama daddawa ne ya ƙwace shi."

Inna ta daɗe tana kallona, sannan ta ɗauki mayafin ta yafa a kan jan, ta leƙa madubi. Ta juya hagu, ta juya dama.

"Koren dai ya yi," in ji ta. "A ba ni nawa."

Godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, ga Baffa Sadi da motarsa, ga Lubna, da wani mai fenti na Italiya da bai san ya cece ni daga wanke-wanke ba. An yi biki, ina cikin kowane hoto. Sai dai duk matar da na ga ta sauke mayafinta don zafi, da gudu nake zuwa in mayar mata.