Rantsuwa da Alwala

Wasiƙar ta zo ranar wata Talata, in ban manta ba, a shekarata ta goma sha biyu a Ingila. An amince in zama ɗan ƙasa. Abin da ya rage shi ne in kira ofishin council, wato ƙaramar hukuma, su sa min ranar da zan je in yi rantsuwa a miƙa min takarda. A lokacin ina aiki a ɗakin bincike na jami'a a Edgbaston, cikin birnin Birmingham, kwantiragin shekara-shekara, ina zaune a wani ɗan flat a Lozells, a saman shagon mai gyaran waya. Shekarun tsuke bakin aljihu ne. Laburaren unguwarmu ya rage kwanakin buɗewa, a sashenmu ma an fara sallamar mutane, kuma duk wanda takardunsa ba su gama zama daram ba yana jin shi ne a bakin layi. Don haka ba zan ce ban yi murna ba.

Na kira da hutun rana. Wata mata ta ɗauka, muryarta a gajiye. Ta karɓi lambata, sannan ta tambaye ni: rantsuwa zan yi da sunan Allah, ko alkawari kawai, ba tare da ambaton Allah ba? Iri biyu ne, in ji ta, sai in zaɓa don ta san katin da za a ajiye min. Ina jin ƙarar maɓallan kwamfutarta. Daga baya na ce zan sake kira.

Wataƙila mai karatu ya ga na cika tsoro, kuma ba zan yi musu ba. Amma a watannin nan jaridu ba su da zance sai na Musulmi da makarantun garinmu, da tambayar wa muke yi wa biyayya a zuci. A wurin aiki an tara mu an koya mana alamomin da za mu lura da su a jikin ɗalibai: wanda ya canza sutura, wanda ya janye daga abokai, wanda zancen addini ya yawaita a bakinsa. Na zauna a ɗakin da gemuna ina rubuta duk abin da aka faɗa, don kada a ga ban rubuta ba. Babu wanda ya kalle ni ko sau ɗaya, kuma rashin kallon ya fi damuna.

Shi ya sa tambayar matar ta zame min kamar tarko mai baki biyu. In na ce da Allah, za a rubuta a wani wuri cewa wannan mai addini ne. In na ce ba da Allah ba, wani zai iya cewa Musulmi ne da ya ƙi ɗaure kansa da abin da yake tsoro, don ya bar wa kansa ƙofa. Ban san ko ana ajiye amsar ba. Har yau ban sani ba.

Amma ba wannan ne ya fi hana ni sukuni ba. A gidanmu a Kano ba a wasa da rantsuwa. Mahaifina tela ne, kuma a iya zamana da shi sau biyu na ji ya ce wallahi. Idan rigima ta kai ga Alƙur'ani a unguwarmu, sai mutum ya yi alwala, jama'a su ja da baya, wuri ya yi tsit. Na san waɗanda suka haƙura da haƙƙinsu, da gaskiyarsu, don kada su dafa Alƙur'ani. To ga ni za a ce in rantse da Allah zan yi biyayya ga Sarauniya da magadanta, har da waɗanda ba a haifa ba, a ƙasar da jiragenta suke shawagi a kan garuruwan Musulmi. Abin da nake so in sani ɗaya ne: zan iya faɗin wannan magana ba tare da na yi wa Allah ƙarya ba, ba kuma tare da na yaudari mutanen nan ba?

Na fara tambayar wani abokina ɗan Zariya, mai digiri na uku a injiniyanci, wanda muke haɗuwa a ɗakin sallah na jami'a. Yana saka takalmi ya ce, "Ɗauki ta biyun mana, malam. Kowa ya san don fasfo ake yi. Kai ne za ka ɗauko Allah ka kai shi ofishin council?" Ya ɗaure igiya ɗaya, ya ɗago. "Wa ma ya sa maka hannu a fom ɗin neman zama ɗan ƙasa?"

Na ce Alhajin Rusholme.

"To." Ya ja kalmar. "Ka dai san ana cewa yana shan shayi da 'yan sanda."

Na sani. Alhaji dattijo ne ɗan Katsina da ya haura shekara talatin a Manchester, yana yi wa marasa lafiya tafinta a asibitoci. Shi ya tarbe ni sa'ad da na zo digiri na biyu, a falonsa na kwana mako biyu kafin in samu ɗaki. Gaskiya ne yana zama a wani kwamiti na unguwa da hukuma ke gayyatar shugabannin masallatai. Ko abin ya wuce shayi, ban taɓa ganin alama ba. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, haka aka koya mana. Duk da haka, a motar Manchester ranar Asabar, na kama kaina ina tace abin da zan faɗa masa da abin da zan bari a ciki.

Mun haɗu a wani gidan abinci a Wilmslow Road, motocin bas suna ta gurnani a bayan gilashi. Ya yi odar gasasshen rago bai tambaye ni ba.

"Dakta, ka rame. Ko Birmingham ta hana tuwo?"

Na zagaya, na zagaya. Na ce wani ne na sani yake da tambaya a kan rantsuwar.

"Wani," in ji shi. "Allah ya jiƙan wani, kullum shi ke da matsala. To, gaya wa wanin nan, yana da niyyar cin amanar mutanen nan ne?"

"A'a, Alhaji."

"Zai taka musu doka? Zai cuci maƙwabcinsa?"

"A'a. Amma idan suka yi abin da bai yarda da shi ba fa? Yaƙe-yaƙen nan…"

Na tsaya, don na ji na faɗi fiye da yadda na shirya. Ya ci gaba da yagar burodi kamar bai lura ba.

"Sai ya fito ya ce bai yarda ba. Turawan ma suna fitowa, da kwalayensu, cikin ruwan sama. An ce masa rantsuwar yin shiru zai yi? Kai a Najeriya ka yarda da duk abin da gwamnati take yi?" Ya turo min farantin. "In kuma ya karya, kaffara ciyar da miskinai goma ce. Da yadda aka yanke komai yanzu, food bank ɗin ƙasan titin nan, inda ake raba wa mabuƙata abinci, ya ishe shi."

Na yi dariya, ba don raina ya so ba. Sannan na tambaye shi wacce shi ya zaɓa, rantsuwa ko alkawari.

"A zamaninmu ba a taro. Wajen lauya na je, na karanta, na sa hannu." Ya goge yatsunsa. "Wacce na karanta kuwa, tsakanina da Ubangijina ne. Kai ma kada ka gaya min taka."

A hanyar komawa na juya wannan maganar ta ƙarshe ta kowace fuska. Ko dai yana kare ni ne daga kansa, don kada a tambaye shi ya faɗa, ko kuwa ladabi ne kawai na dattijo. Ban cimma matsaya ba. Amma tambayoyinsa biyu na farko sun zauna min. Ba ni da niyyar cin amanar kowa. In haka ne, guje wa sunan Allah ba tsoron Allah ba ne, wayo ne. Ranar Litinin na kira na ce da Allah zan rantse. Matar ta ce to, ta ba ni rana.

A fahimtata, rantsuwa da Allah tana da ƙa'ida ɗaya, wadda na taso na gani. Na yi alwala a gida, na naɗe Alƙur'anina a farin ƙyalle, na sa a jaka, na yi ta kaffa-kaffa a cikin bas kada wani ya goge ni. A ƙofar ginin akwai mai gadi yana duba jakunkuna. Ya zuge tawa, ya ga abu a naɗe, ya kai hannu.

"Kada ka taɓa," na ce da Turanci, da ƙarfin da ban yi nufi ba.

Hannunsa ya tsaya a iska. Matar da ke bayana ta ja ɗiyarta baya. Sai a lokacin na ji yadda maganar ta fito daga bakin mai gemu da ke riƙe da jaka. Na soma bayani, harshena yana harɗewa: littafi ne, mai tsarki, sai da wanke gaɓoɓi ake taɓa shi. Ya ce in buɗe da kaina, a hankali. Na warware ƙyallen a kan teburinsa. Ya leƙa, ya ce ai ba dole ba ne a zo da littafi, amma babu laifi. Na wuce. Da na waiga na ga yana magana a 'yar rediyon kafaɗarsa. Mai yiwuwa zancen wani abu ne daban.

A zauren an raba mu gida biyu, masu katin rantsuwa a dama, masu alkawari a hagu. Aka ce kowa ya faɗi sunansa, sannan mu maimaita tare. Muryoyi suka haɗu suka zama guna-guni, babu mai iya tantance wa ya faɗi me. Na kusa da ni ya haɗiye rabin kalmomin yana gyara wa matarsa kyamara. Jami'ar da ke karantawa idonta na kan takarda. Ni kuwa na dafa Alƙur'ani na furta kowace kalma har ƙarshe, ina jin nauyinta yana sauka a wuyana. Ina jin a duk zauren ni kaɗai na fita da kaya a ka, ko da yake ba ni da hanyar sanin zuciyar kowa.

Ranar Juma'a na haɗu da ɗan Zariya a bakin ɗakin sallah. Ya riga ya ji labari, ban san a bakin wa ba.

"Bature," ya ce, yana ba ni hannu. "An ce har da Alƙur'ani ka je."

Na ce haka ne.

"Da alwala?"

"Da alwala."

Murmushin ya ɗan ja baya daga fuskarsa. Ya dube ni kamar yana lissafin abin da ya taɓa faɗa a gabana tsawon shekara uku.

"To, Allah ya ba ka ikon cikawa," in ji shi.

Na ce amin. Muka shiga, ya wuce sahun gaba, ni na tsaya inda na samu wuri.