Rumawan Othman

Othman bai taɓa shan kaye irin na ranar da ya yi musu da 'yarsa Raghad ana tsakiyar cin shinkafa ba. Ya rantse Turawa sun daɗe cikin duhun kai bayan faɗuwar daular Rum, haka littafinsa ya ce. Raghad ta ɗauko nata littafin tarihin ƙasashen Yamma na jami'a, ta buɗe masa. Babu duhu, babu dalilinsa.

"Baba, naka tsohon bugu ne. Halas, magana ta ƙare, an gyara."

"Waɗanda suka mutu tun tuni, su ma gyara su ake yi?"

Har matarsa Mastura sai da ta ƙware don dariya.

Othman haifaffen Jidda ne, jikan wani alhaji da ya taho daga Katsina a ƙafa bai koma ba. Aikinsa tuƙa bas ɗin ɗalibai mata. Wata ce ta bar masa littafin da ta gama da shi, ya riƙa karantawa in yana jiran a tashi, har ya ɗauki kansa shehi.

Wani da ya sha wannan kunya zuciya zai yi. Shi gogan naku bin masu tsofaffin littattafai ya shiga yi a unguwar Sharafiyya, yana tattaro kowane bugu. Sai ya jera su a tabarma, tabarau a karan hanci. Sarkin da wancan ya yaba, wannan ya rage masa tsawo. Mata da bayi, da babu su, ga su sun samu babi. A na baya-bayan nan har zinariyar Afirka ta Yamma ta leƙo. Yana nan yana jiran bugun da kakansa zai iso.

Da za su tashi daga unguwar Ammariyya zuwa ƙaramin gida, Mastura ta tsaya a bayan motar kaya ta riƙe ƙugu.

"Abu Raghad, babu wuri. Sabon kawai za ka ɗauka. Sauran sun tsufa, maganarsu ma an canza. Yalla, mu tafi."

Othman ya dubi kwalinsa, ya dubi furfurar da ta leƙo ta gefen mayafinta.

"In sabon bugu kaɗai ake sawa a mota, Mastura, ni da ke wa zai ɗauka?"