Gudun da Baba Ya Ɓoye

Shekarun baya, lokacin da kuɗin man fetur ya shigo ƙasa aka yi wa ma'aikatan gwamnati ƙarin albashi, mahaifina ya sayi mota. Kafin nan a keke yake zuwa ofis daga gidanmu na unguwar Kumbiya-Kumbiya a Gombe, siriri da shi. Da mota ta zo, keke ya koma zaure yana tsatsa, tumbi kuma ya fara leƙowa. Ni a lokacin ina budurwa, na gama makaranta ina zaune a gida, kuma don rashin wayo har alfahari nake yi wa ƙawayena da tumbin nan, wai alamar arziki ce.

Likita ne ya katse mana murnar. Ya ce jinin Baba ya hau, in bai rage jiki ba abin zai kai shi ƙasa. Ya ce lallai ya riƙa motsa jiki.

Maƙwabcinmu, wani malamin makaranta ɗan Tangale, aminin Baba ne, kuma shi kullum da sassafe yake zagayensa a ƙafa. Ya ce, "Alhaji, in ka fito masallaci da asuba mu riƙa takawa tare. Lokacin iska na da sanyi."

Baba ya girgiza kai. "Malam, kai ka saba da 'yan makaranta. Ni magidanci da furfura, a gan ni ina zaga gari ba inda za ni? Sai a ce Alhaji ya taɓu, ko an ƙwace motar."

Wanda bai san iyayenmu na wancan zamani ba zai ɗauka wasa ne. A wurinsu babban mutum ba ya gudu, ko sauri ba ya yi a gaban jama'a. Sai Baba ya nemi lokacin da ba mai ganinsa. Tsakanin azahar da la'asar, sa'ad da rana ta kori kowa zuwa inuwa, ya kan tuƙa mota ya wuce Arawa, inda a lokacin gonaki ne, ya ajiye ta gindin wata tsamiya ya yi ta gudu shi kaɗai.

Ƙarshen bazara ne, an yi ruwan farko. Duk wanda ya zauna Gombe ya san wannan zafin: gari a kwari, ƙasa na turiri, iska ta tsaya cik, gumi ya fito ya ƙi bushewa. Wankin kayan Baba a hannuna yake, shi ya sa na gane. Kullum sai na tarar da suwaitarsa ta ulu jagab, ana iya matse ta. Wani a ofis ne ya gaya masa wai sa kaya masu kauri yana narka kitse, shan ruwa kuma yana mayar da shi.

Na kai wa mahaifiyata, Dada, suwaitar. Da ya dawo ta tare shi da moɗar ruwan randa, ta ce, "Alhaji, don Allah ka sha. Leɓenka duk ya bushe."

"Ajiye, sai an jima."

"Wannan rana ko jaki ana ɗaure shi a inuwa. Ka bi Malam da safe mana."

Ya ce ta bar maganar, likita ne ya sa shi. Na ga idon Dada ya cika. Ni ma tsoro ya kama ni tun daga ranar.

Wata Asabar ya fita, har aka kira la'asar bai dawo ba. Muna tsakar gida sai ga Malam ya shigo ko sallama bai gama ba, ya ce, "'Yata, ɗauko mayafi, ki kira Dada. Alhaji na asibiti."

A hanya ya ba mu labari. Wasu mata masu tallar nono da ke komawa ruga ne suka tsince shi kwance a gefen gona, jikinsa zafi kamar murhu, yana maganganun da ba a ganewa. Suka ja shi inuwa, suka cire masa suwaitar, suka jiƙa zannuwansu a rijiya suka rufa masa suna fifita. Sai suka tare wata tifar yashi. A bayan tifar nan aka ratsa gari da shi, daga shi sai singileti, mutane na leƙe suna tambayar wane ne.

An yi masa ƙarin ruwa, Allah ya tashe shi. Likita ya ce matan nan ne suka riƙe masa rai. Amma zafin ya haɗu da hawan jinin, ƙafarsa ta hagu ba ta sake komawa daidai ba.

Bayan an sallame shi, wata asuba na ji yana ƙwanƙwasa ƙofar Malam. Na leƙa ta zaure. Ga shi da sanda, goran ruwa a rataye, ya dafa kafaɗar amininsa suna tafiya a hankali. Masu fitowa daga masallaci suna cewa, "Sannu Alhaji, Allah ya ƙara sauƙi." Masu kai koko kasuwa suna rusunawa. Ba wanda ya yi dariya, ko mutum ɗaya.

Yanzu na wuce shekarun Baba na wancan lokacin, kuma nawa likitan ya faɗa mini irin maganar. Da sanyin safiya nake fita, da kaya marasa nauyi da ruwana, in na ji jiri in zauna. 'Yan unguwa su kalla in sun ga dama. In na ga magidanci yana gudu da tsakar rana a bazara, nakan tsayar da shi, ko zai ce tsohuwar nan ta cika shisshigi.

Abin da har yau yake ci mini rai shi ne, tafiyar da Baba ya ƙi yi da ƙafafu biyu lafiyayyu, ita ya yi kowace asuba har ƙarshen rayuwarsa, yana jan ɗaya.