Janareta a Ɗakin Wanki

Shekara ashirin da biyu Sirena Mafnas ta yi tana kula da numfashin marasa lafiya a wani asibiti a tsibirin Guwam, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa yarda da na'ura ido rufe ba. Gajeriyar mace ce mai tambayar tsiya, har abokan aiki suka laƙaba mata Inna Me-ya-sa. Ita ko a jikinta. Takan ce, "Na'ura ba ta da hanci, ni kuwa Allah ya ba ni."

Kwana uku bayan guguwar teku ta kakkarya turakun lantarki, da rana tsaka aka kawo wani dattijo da ake kira Tun Nasio yana amai, kansa kamar zai tsage. 'Yarsa Chilang ce ta riƙo shi. Aka maƙala masa 'yar na'urar yatsa mai auna iskar da ke cikin jini, ta nuna casa'in da tara, wato lafiya lau.

Likita, wanda rabonsa da barci tun shekaranjiya, ya ce, "Zafi ne da gajiya. A ƙara masa ruwa ya koma gida."

Har Sirena ta juya za ta tafi, sai ta ga Chilang ita ma ta jingina da bango ta dafe goshi. Uba da 'ya, ciwon kai iri ɗaya, rana ɗaya? Ta sunkuya ta shinshina rigar dattijon. Warin hayaƙin fetur.

"To, an fara!" in ji wata nas. "Yau kuma shinshine-shinshine ne, Inna?"

Sirena ba ta kula ta ba. "Baba, ina kuka ajiye janareta?"

"A ɗakin wanki mana, 'yata. So kike ɓarayi su ɗauke? Na maƙwabcina ko kwana ɗaya bai yi a waje ba."

"Tagogi fa?"

"Marufan ƙarfen da muka sa saboda guguwa suna nan a kulle. Wa ke da ƙarfin cire su?"

Sirena ta miƙe tsaye. Ta sani sarai, gubar hayaƙin janareta in ta shiga jini, na'urar yatsa ba ta bambanta ta da iska mai kyau. Mutum na bakin kabari tana cewa casa'in da tara.

"Wa ke gida yanzu?"

Chilang ta yi ɗan murmushi. "Mama da yarana uku. Yau kam sun samu barci, tun safe ko motsi babu. Saɗaf-saɗaf muka fito don kada mu tashe su."

Ƙarar da Sirena ta ƙwalla sai da ɗakin ya yi tsit. "A kira 'yan kwana-kwana! Su fasa ƙofa, su fasa komai!" Ta rufa wa uban da 'yar abin shaƙar iska, ta ɗebi jinin dattijon. Da sakamako ya fito, kusan sulusin jininsa guba ta kama. Likita ya duba takardar, ya sake dubawa, ya zauna bakin gado baki buɗe.

Bayan minti arba'in motoci suka iso. Yaran uku sun galabaita, amma da ransu. Kakarsu, Tan Chai, wadda ɗakinta ke manne da ɗakin wanki, an lulluɓe ta har fuska.

Dattijon bai gani ba, labule ya tare shi. Ya janye abin shaƙar daga bakinsa ya kamo hannun Sirena.

"'Yata, Chai ta tashi? Ai don ita na sayi injin nan. Zafi ke hana ta barci in babu fanka."

Sirena ta sunkuyo gare shi. Ta mayar masa da abin shaƙar a hankali, ta gyara masa igiyar bayan kunne.

"Ja numfashi, Baba," ta ce. "Ja da ƙarfi."