Hanyar Iya zuwa zaure

Ɗakin Iya shi ne na ƙarshe a gidanmu na Limancin Kona. Daga zaure sai ka wuce soro na biyu, ka ratsa tsakar gida, ka bi ta bayan rijiya, sannan ka same shi manne da katanga. Ginin ƙasa ne na tun kakanni, kaurin bangonsa ya fi tsawon hannun babban mutum. Iya ita ce ta haifi babanmu.

Muna yara, in an ci tuwo an yi isha'i, sai ta sa a kwaso mata garwashi a kasko, mu kewaye ta. Ba a ganin komai a ɗakin sai fuskarta, wuta na haska ta daga ƙasa. Da rana ko kuka ka yi ba za ta yi maka tatsuniya ba, wai mai jin ta da rana ɓata yake yi a hanya.

"Ga wata a bakin ƙofa," in ji ta, "a bar ta ta shigo?"

"Ta shigo mu gan ta."

"Kai mijin banza, matsa can. Ba ka kawo cefane ba, ka fi kowa tare wuta."

Ni ne mijin banzan.

Akwai wadda take yawan yi mana, ta masaƙi da kunkuru. Masaƙin ba ya tashi daga bakin saƙarsa. Wata Juma'a kunkuru ya biyo ta wurin, suka yi hira mai daɗi, masaƙi ya ce masa ya riƙa zuwa duk Juma'a. Kunkuru ya ce to. Bai taɓa fashi ba, kuma kullum da fara'arsa yake isowa. Ran nan sai bai zo ba. Masaƙi ya ji haushi, ya tashi nemansa, yana tambayar hanya. Ya ƙetare rafi, ya ratsa ƙaya, ya hau tudu, bai isa gidan ba sai da rana ta faɗi. Maƙwabta suka ce masa ai kunkuru ba ya kwana a gida. In ya dawo daga hirar, ruwa kawai yake sha ya juya, don kada Juma'a ta riga shi. A hanyar komawa masaƙi ya tarar da shi a gindin tudu, ya kife, rana ta gama da shi.

Duk lokacin da ta kai nan sai ɗayanmu ya ce, "Iya, me ya sa bai gaya masa gidansa da nisa ba?"

Sai ta tona garwashi da tsinke ta ce, "Ya tambaye shi?"

Na girma, ɗinki ya kai ni Legas, a can na yi aure na haihu. 'Ya'yana biyu, Hausarsu duk a karye. Abin ya dame ni, na roƙi Yaya Sani, wanmu da ke riƙe da gidan, ya sa kamfanin intanet su ja mana waifai don yara su riƙa ganin Iya a waya. Aka ja. Yaya ya ce ma'aikacin ya kafa ɗan akwatin da kamfani ke bayarwa, ya kuma tabbatar masa zai game gidan duka.

Daga nan duk Juma'a bayan isha'i sai in kira. Fuskar Iya ta cika wayar, haske na dukan ta daga ƙasa, bayanta duhu, kamar dai a da. Yara su kwanta rub da ciki suna amsa mata. Wani lokaci nakan ji tana haki, in ce, "Iya, lafiya?" Ta ce, "Tsufa ne, angon ƙarya. Ka aiko da turmin atamfa ka ga in ban warke ba."

Da damina aka ce mini ta zame ta faɗi, ƙugunta ya goce. Kiran Juma'a ya tsaya. Na ce a ɗauki muryarta a turo, ta ce ba ta yin tatsuniya ga wanda ba ya amsawa. Ba ta sake tashi ba har Allah Ya karɓi abinsa.

Na iso bayan an kai ta. Da aka watse daga zaman gaisuwa na shiga ɗakinta, na zauna a bakin gadon. Na fito da waya in kira iyalina, na ga babu alamar waifai, layin waya ma babu. Na ɗaga ta sama, na matsa wajen taga. Anti Rabi, matar Yaya, tana ninke kayan Iya.

"Kada ka wahalar da kanka," ta ce. "Nan ba ya kawowa."

"Yau ne ya lalace?"

"Bai taɓa kawowa ba. Bangon nan ba ya barin komai ya wuce."

Na dube ta. "To a ina take yi mana tatsuniya?"

Ta ajiye zanen da ke hannunta. "A zaure."

Iya da ko wucewa ta zaure za ta yi sai an ce maza su kauce. Tunda aka kawo ta gidan nan ban ji wanda ya ce ya ga ta zauna a wurin ba.

Anti Rabi ta ce a zaure aka kafa akwatin, don nan wayar da suka jawo daga titi ta ƙare. Ƙarfinsa ko soro na biyu ba ya wucewa. Yaya ya yi ta kai ƙara kamfanin, kullum su ce za su turo mutum. Ita kuwa Iya, gwiwoyinta sun daɗe da daina ɗaukar ta. Tun magariba take fara tafiya, tana dafa bango, in ta gaji ta zauna ta ja jiki. In maza sun tafi masallaci sai ta shige bayan ƙyaure, ta ce a kashe fitila kada in gane wurin.

"Yayanka ya ce zai riƙa goya ta, ta ce ita ba gawa ba ce. Na ce a mayar da abin da rana, ta ce so nake jikokinta su ɓata a Legas."

"Me ya sa ba wanda ya gaya mini?"

"Ta hana. Ta ce in ka ji za ka daina kira." Ta ɗauki wani zanen ta ninke. "Ranar da ta faɗi, an yi ruwa. A bayan rijiya ne. Juma'a ce."

Na tuna ranar. Na kira ba a ɗauka ba, har na ce wa matata mutanen gida sun fara wasa da abin.

Na fita riƙe da wayar, na bi hanyar a hankali. Alamar ba ta fito ba sai da na taka ƙofar zaure ta ciki. Da na waiwaya na ga wani dogon layi a jikin bango, inda farar ƙasar ta goge ta yi santsi. Bai wuce tsayin gwiwata ba.

Ina yaro na ɗauka tatsuniyar masaƙi ta rashin wayon kunkuru ce. Yanzu ban san yadda zan kira ta ba. Na dai san fuskarta kawai nake gani, kuma ta ishe ni, ban taɓa cewa a juya wayar in ga inda take zaune ba.

Da na koma Legas, ƙaramar 'yata ta ce in yi musu ta kunkuru, tunda Iya ba ta nan. Na kashe fitila na yi, yadda na iya. Da na kai gindin tudu sai ta ɗago kai.

"Baba, me ya sa bai gaya masa ba?"

Na san amsar.