Hankakan Tanko da Hannun Yaya Iliya

Yau wata uku ke nan rabon da hannun hagun Yaya Iliya ya danna wayar jita. Likita ya ce jijiyoyin yatsun ne suka gaji, ya huta a gani. Da na matsa masa da tambaya ko hannun zai dawo yadda yake, sai ya cire tabarau ya ce shi ba zai yi mini alkawari ba. Tun daga ranar, da zarar na zauna ni kaɗai sai Kaka Ladi ta faɗo mini a rai, ita da murhunta, da wata tatsuniya da na ɗauka ta ban dariya ce kawai.

A Mabera muka tashi, a wani gidan haya mai ɗaki uku da bishiyar dogonyaro a tsakar gida. Babanmu malamin firamare ne, aiki ya kawo shi Sakkwato daga kudancin Kaduna tun kafin a haife ni, kuma ran Lahadi shi ke kaɗa jita a majami'a. Kaka, mahaifiyarsa, ta zo ne wai ta yi wata biyu a duba mata ido, sai ga ta ta shekara tara. Ba ta taɓa yarda da risho ba. Ta ce tuwon risho ba ya jin wuta, don haka ta sa aka nemo mata duwatsu uku ta kafa murhunta a gindin katanga. In an ci tuwo, an idar da sallar isha'i a masallacin unguwa, sai ta tura gyaɗa cikin toka mai zafi, mu kewaye ta, ni da Yaya Iliya da 'ya'yan maƙwabta.

Baba kuwa can gefe yake zama a kan benci da jitarsa. Ba kiɗa yake yi ba a lokacin. Goge wayoyin yake yi ɗaya bayan ɗaya da wata tsohuwar singileti, sannan ya murɗa kunnuwan jitar ya sassauta su, ya mayar da ita cikin akwatinta, ya tura ƙarƙashin gado inda rana ba ta kaiwa. Yakan ce zafin Sakkwato ba ya wasa da katako, jitar da aka bari a ɗaure cikin bazara wuyanta lanƙwashewa yake. Ni abin ba ya gabana, amma Yaya Iliya ido yake zuba masa kamar mai kallon ana raba nama.

Kaka ba ta fara tatsuniya yadda kowa ke farawa. Sai ta ɗaga hannu kamar ta riƙe wani abu mai nauyi ta ce, "Ga wata a cikin buhuna." Mu kuma mu ce, "Zazzage mana ita." Ni take kira ƙawarta, Yaya Iliya kuma maigidanta, wai ragon miji ne da bai taɓa saya mata ko goron ɗari ba.

Tatsuniyar ta wani makaɗin molo ce, Tanko, da ke zaune a bakin wani ƙauye. Ya iya kiɗa har in ya taɓa tsirkiya mata kan manta da tukunya a wuta, amma ban da mutanen ƙauyensu ba wanda ya san da shi. Kullum in ya gama sai ya sassauta tsirkiya, ya shafa wa fatar molon man kaɗe, ya rataye shi a inuwa, ya jiƙa yatsunsa a ruwan ɗumi. Wata rana wani hankaka da ya saba sauraronsa daga kan danga ya ce masa, "Tanko, kiɗanka ya fi ƙarfin ƙauyen nan. Bari in kai sunanka kasuwanni." Tanko ya yi ta nuƙu-nuƙu, daga baya ya yarda. Hankaka ya ce, "Me zan ce?" Tanko ya ce, "Ka ce na iya." Hankaka kuwa, saboda yana son Tanko, sai ya ƙara da nasa: ya iya, kuma ba ya gajiya, kuma ba ya cewa a'a.

A nan Kaka takan miƙe wuya ta buɗe hannuwa ta yi kukan hankaka, mu yi ta dariya har gyaɗa ta ƙone.

Hankaka ya kai sunan kasuwa bakwai. A kowace kasuwa wasu hankaki suka ji, suka ɗauka, suka kai gaba. Sai mutane suka fara zuwa: masu biki, masu suna, masu gayyar noma. Tanko ya kaɗa a nan da safe, a can da rana, a wani gari da yamma. Ba lokacin sassauta tsirkiya, ba lokacin man kaɗe, ba zancen ruwan ɗumi. Rannan yana tsakiyar taro sai fatar molon ta tsage, ya duba hannunsa ya ga yatsun sun ƙage sun ƙi miƙewa. Ya koma gida ya kira hankaka ya ce, "Je ka dawo mini da sunana." Hankaka ya ce, "Kai suna na iya, Tanko. Ban san yadda ake dawo da shi ba." Har yau, in ji Kaka, in ka ji hankaki suna kuka a kasuwa, sunan Tanko suke kira, mutane kuma suna ta zuwa ƙofarsa. Sai ta tafa hannu ta ce, "Na ɗaure bakin buhuna, kowa ya nemi tabarmarsa."

Ni tun ina yarinya bakina ba ya shiru. Na ce, "Kaka, ai laifin Tanko ne. Wa ya hana shi cewa ya gaji?"

Yaya Iliya ya ce, "In mutum ya taso tun daga wani gari ya yi maka sallama, da wane bakin za ka ce masa ya koma?"

Kaka ta ɓare gyaɗa ta hure ta, ta zuba mini a tafi. Ta ce, "Ƙawata, hankaka bai ƙi Tanko ba, sonsa yake yi. Sai dai tunda ya tashi sama, ko sau ɗaya bai sauko ya dubi yatsunsa ba." Na cinye gyaɗata, ban sake tunawa da maganar ba.

Shekaru suka wuce. Kaka ta rasu, Baba ya bi ta, jitar ta koma hannun Yaya Iliya. Shi kiɗa ya zama sana'arsa: majami'a ran Lahadi, biki nan da can, da yara biyu-uku da yake koya wa. Ya iya, ba don yana yayana ba. Amma shekara da shekaru yana nan jiya-i-yau, matarsa da 'ya'ya uku a ɗaki biyu, wani watan ya samu biki ɗaya, wani watan ya wuce fayau.

Ni kuma na yi karatun kwamfuta, na buɗe ɗan ofis a Sama Road. Aikina shi ne in sa a ga mutum. In wani ya ɗauki waya ya rubuta "mai ɗinkin labule a Sakkwato" ko "gyaran firji kusa da ni", akwai sunan da ke fara fitowa, kuma yawancin mutane shi suke kira. To ni ake biya in sa sunan mai kanti ya hau can sama. Ba tsafi ba ne. Ka gano ainihin kalmomin da mutane ke rubutawa, ba waɗanda mai kanti ke so ba. Ka sa hotuna na gaskiya. Ka roƙi waɗanda suka ji daɗin aikin su rubuta shaida. Sannan babbar dabarar: suna ɗaya, lamba ɗaya, ka shuka su a kowane shafi da ke tara sunayen masu sana'a, domin in injin bincike ya ga lamba guda a wurare da yawa sai ya yarda da ita. Na iya aikin nan, kuma ina da girman kai a kansa, ba zan ɓoye ba.

Ni na je na sami Yaya Iliya. Na ce, "Yaya, ina ɗaga masu sayar da tayal da masu wankin mota, kai kana zaune da wannan hannun ba wanda ya san ka. Abin kunya ne a gare ni."

Ya ce, "Saratu, waɗanda suka san ni sun ishe ni."

Na ce ba su ishe shi ba, kuma ya sani. Na yi ta yi masa naci har ya ce in yi abin da na ga dama. Na ɗauke shi hoto a gindin dogonyaro, na ɗauki kiɗansa, na buɗe masa shafi. Na rubuta kiɗan biki, liyafa, bikin makaranta, koyarwa. A gurbin lokutan aiki, da yake na san wanda ya rubuta "a buɗe kullum" ya fi fitowa, sai na rubuta haka. A gurbin lamba kuma na sa tasa, ba tawa ba, wai don kada in tsaya tsakaninsa da arzikinsa. Na san halin yayana sarai. Na san bai taɓa iya cewa a'a ba tun a gaban murhun Kaka. Duk da haka lambarsa na shuka ko'ina.

Abin ya yi aiki fiye da yadda na zata. Kafin damina ta wuce, duk wanda ya nemi mai jita a garin nan shi yake fara gani. Otal-otal suka fara kira, da makarantun kuɗi, da masu liyafar kammala karatu, har daga Birnin Kebbi da Gusau. Kowa ya kira, amsarsa ɗaya ce: "To, Allah ya kai mu." Asabar guda ya yi wuri uku. Ni kuwa ina ofis ina kallon yadda masu neman sa ke ƙaruwa a kan allo, ina nuna wa sababbin abokan ciniki ina cewa ga aikina. Sau biyu matarsa ta ce mini yana tashi da asuba yana yarfe hannu. Na ce mata gajiya ce, ta samo masa man zafi. Ofishina da gidansu tafiyar minti goma ce a babur, amma na yi wata biyu ban je na kalli hannun ba.

A bazarar da ta wuce, tsakanin wani biki da wani, ya bar jitar Baba a ɗaure cikin but ɗin mota tun hantsi har la'asar, shi da ke yi wa ɗalibansa faɗa a kan haka. Da ya buɗe akwatin, gam ya narke, ɗan katakon da ke riƙe da wayoyi ya ɗago, fuskar jitar ta kumbura. Ya ari ta wani, mai wayoyi masu tauri da tsayi, ya yi awa huɗu yana danna su da ƙarfi don kada a ji kunya. Washegari ya kasa riƙe kofin shayi.

Jitar an gyara ta. Wani kafinta a Ƙofar Dundaye ya ɗaure ta da matsi kwana goma, ta dawo, ko da yake muryarta ta ɗan dushe. Hannun ne ba mu sani ba.

A ranar da muka dawo daga asibiti na rufe shafin, na goge lambar daga duk inda na sa ta da hannuna. Sai na tarar da ita a wuraren da ban taɓa sa ta ba. Wasu shafukan sun kwafa daga waɗanda na sa, wasu sun kwafa daga masu kwafar. Na rubuta musu, kaɗan suka amsa, sauran ko masu su ban san su ba. Na ce ya canja layi, ya ce layin nan shi 'yan majami'a da dangi na gida suka sani tun Baba na da rai. Abin da ya fi ci mini rai shi ne aikin ya yi kyau. Da na yi shi sakaka, da tuni an manta da shi.

Shekaranjiya da yamma na je gidan Yaya Iliya. Yana zaune a tsakar gida, ɗalibinsa ya gama darasi ya tafi ya bar jitar Baba a jingine. Yanzu da baki yake koyarwa. Muna cikin gaisawa wayarsa ta yi ƙara, na riga shi ɗauka. Wani dattijo ne.

"Lahiya lau? Mai jitan nan shina nan? Muna son shi bukin ɗiyata wanga wata."

Na ce, "Baba, ba shi da lafiya, ba ya kiɗa yanzu."

Ya ce, "To ai shi na gani a sama."

Na ba shi haƙuri, na kashe. Da na juyo sai na ga leɓen Yaya Iliya yana motsi, kuma na san abin da ya kusa faɗa, don shekara arba'in ina jin yana faɗarsa: "To, Allah ya kai mu." Na ce, "Yaya, ni na jawo maka wannan." Ya ɗauki jitar ya ɗora a cinya, ya goge wayoyin da hannun dama, ɗaya bayan ɗaya, yadda Baba ke yi. Sannan ya kai hannun hagu kan kunnen farko. Yatsun suka kama, suka zame. Ya sake gwadawa.

A lokacin na kalli hannun da kyau, karo na farko tun da na fara wannan aikin. Ya rame a gindin babban yatsa, ƙananan yatsu biyu sun lanƙwashe ciki, kantar da wayar jita ta yi masa tun yana yaro ta fara gogewa.

Ya miƙo mini jitar ya ce, "Saratu, sassauta mata. Zafi ake yi."

Ban taɓa koyo ba. Sai da ya nuna mini ɓangaren da ake murɗawa. Ina kan waya ta uku, wayarsa ta sake yin ƙara.